Kyautar Saifa

"Rufe idonki, Likitata."

"Dogo, ni fa ina da aji yanzu."

"Rufe mana! Kyauta na kawo miki, irin wadda babu saurayin da ya taɓa kai wa budurwa."

Na rufe ido ina dariya. A bayan ginin sashenmu na koyon likitancin dabbobi muke tsaye, inda ya saba ajiye motarsa. Na ji ya buɗe but ɗin motar, ya jawo wani abu mai nauyi. Ni a raina har na gama ba kaina turare ko takalmi.

Sai ƙarni ya bugi hancina.

"Buɗe!"

Kula ce irin ta ƙanƙara, a cikinta leda, a cikin ledar kuma saifar saniya. Amma ba irin saifar da na sani ba ce. Ta kumbura suntum, baƙa wuluk, ta yi laushi kamar za ta narke. Jinin da ya taru a ƙasan kular shi ma baƙi ne, kuma tsululu yake, ko alamar daskarewa bai yi ba.

Dariyata ta ɗauke.

"Yaushe ta mutu?"

"Da safen nan muka same ta a ƙasa. Jiya lafiyarta ƙalau, har kiwo ta fita."

"Da jini a hancinta?"

"Har ta baya. Kai, Likitata ta iya aiki! Ta yaya kika sani?"

"Wa ya feɗe ta, Dogo?"

Ya bugi ƙirji yana washe baki.

"Wa kuwa in ba ni ba? Ba ke ce kullum kike kukan binciken gawar dabba ne kaɗai ke ba ki tsoro a jarrabawa ba? Na ce ga dama ta samu, ki duba da idonki ki huta."

Gaskiya ya faɗa. Ina shekarar ƙarshe a lokacin, kuma tun ranar da na shiga makarantar na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan fita da sakamakon jeka-na-yi-ka ba. Na tsara rayuwata tsaf: in gama, in fito a sahun gaba, sannan a ɗaura min aure da wannan dogon mutum da mahaifinsa ke da gonar shanun madara a bayan gari. Iyayenmu sun riga sun yi magana, jarrabawa kawai ake jira. Shi kuwa Dogo duk ƙorafin da na yi sai ya adana shi a ransa, ya je yana neman yadda zai share min hawaye.

Yau ga inda sharar hawayen ta kai mu.

Tun muna aji uku aka cusa mana wannan ka'ida: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita daga jikinta ba ya daskarewa, ba a sa mata wuƙa. Ciwon saifa ake zargi. In aka feɗe ta ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta zauna a ƙasa shekara da shekaru, kuma ƙaramin rauni ya ishe ta shiga jikin mutum.

"Ka sa safar hannu?"

"Safar me? Ni da na tashi cikin shanu?"

"Naɗe hannun rigarka."

"Likitata, lafiya kuwa?"

"Na ce ka naɗe!"

Ya naɗe. A ƙasan gwiwar hannunsa na dama akwai wani ƙarce siriri, ja, bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

"Ƙashin haƙarƙari ne ya ɗan shafe ni, ko jini kirki bai yi ba."



Farfesa, malamarmu ta cututtukan dabbobi, mace ce gajera wadda ba ta ɗaga murya, shi ya sa ma muke tsoronta. Ita na ruga na kira. Ta leƙa kular sau ɗaya, ta mayar da murfin a hankali, ta sa aka killace motar gaba ɗaya. Ɗigon jinin ta shafa a gilashi ta duba a madubin ƙara girma. Ba ta daɗe ba ta ɗago.

"Ki kai shi asibitin makaranta yanzu, a ba shi magani. Ni zan kira ma'aikatar kula da dabbobi."

Dogo ya jawo ni gefe, fuskarsa ta canza.

"Don Allah ki roƙe ta ta ba ni zuwa gobe. Baba ya ji daga bakina. In baƙi suka faɗo masa gona ba sanarwa, ba zai taɓa yafewa ba."

"Zan roƙe ta, masoyina."

Na roƙe ta kuwa, har da hawaye. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Madarar gonar nan gobe da safe tana cikin kofin 'ya'yan mutane. Ke likita za ki zama ko suruka?"

Ta ɗaga waya a gabana.

Muna layin karɓar magani ma'aikata suka isa gonar. Baba, mahaifin Dogo, daga bakin mutane masu farin kaya da takunkumi ya ji labari. Suka ƙona mushen, suka yi wa sauran shanun allura, suka rufe ƙofar gona da sarƙa. Motar da ke ɗaukar madara ta daina zuwa. Gonar da ya kafa da saniya biyu tun kafin a haifi Dogo ta koma wurin da mutane ke toshe hanci in za su wuce.

Baba ya yi tsalle ya dire ya ce ƙarya ne. Maciji ne ya sari saniyarsa, madubin makaranta ne ya yi makuwa. Ya shiga ofis ya fita ofis yana neman a buɗe masa gona.

A gidan kuma akwai 'Yar Lele, ɗiyar ƙanwar Mama, mahaifiyar Dogo. A hannun Mama ta tashi, kuma tun tana ɗaura ɗankwali a karkace ta sa wa Dogo ido. Ranar da aka fara kai ni gaisuwa ita ta kawo min ruwa, ta dire kofin tana cewa, "Sannu mai ƙamshin awaki." Na haɗiye don kunyar surukai, amma ban manta ba.

Wannan karon ta samu abin da ta daɗe tana nema.

Dogo ya kira ni da yamma, muryarsa a dishe.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Gaskiya ne Farfesa ta ce ki rubuta aikinki na ƙarshe a kan gonarmu?"

"Wa ya faɗa maka?"

"'Yar Lele tana da ƙawa a ajinku. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Ta yi min tayi, amma ni ban..."

"Ya isa."

"Dogo, ka bari in ƙarasa! Ce mata na yi ba na so!"

"Na kawo miki abu don ina son ki, kika mayar da mahaifina maki. Kullum burina, burina. To ga shi nan kin cika."

Maganar ta soke ni, amma ba ita ce a gabana ba.

"Ka zage ni yadda kake so. Kana shan maganin?"

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Baba ya ce babu mai shan maganin cutar da babu ita a gidansa. 'Yar Lele ta zuba shi a shara."

"Innalillahi... Dogo! Dogo, ka saurare ni!"

Ya kashe. Daga ranar layinsa ya daina shiga. Na je gidan, maigadi ya ce an hana shi buɗe min. Na tura saƙo wurin Mama, ko amsa babu. Mahaifiyata ta je da kanta, aka bar ta a tsaye a tsakar gida aka ce Mama tana barci.

Ban taɓa tsanar ilimina ba sai a kwanakin nan. Wadda ba ta sani ba sai ta yi kukan soyayya ta share ido ta kwanta. Ni kuwa na san yadda cutar ke tafiya daki-daki. Da fari ɗan ƙurji mai ƙaiƙayi kamar cizon sauro. Sai ya ɗuri ruwa. Sai ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi, gefensa ya kumbura. In an bar shi, sai ya gangara cikin jini. Duk safiya in na buɗe littafi sai in ce a raina, yau yana wannan matakin ke nan.

Ƙawayena suna haddace sunayen ƙwayoyin cuta, ni ina zaune shafi ɗaya ya gagare ni wucewa.

Ana gobe jarrabawar ƙarshe, ta aiki da hannu, ina ɗakin karatu da rana wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, hoto aka turo.

'Yar Lele ce ta ci kwalliya, zaune a hannun kujerar da Dogo yake kai, tana miƙa masa kofi. A ƙasa ta rubuta: "Muna nan lafiya lau. Ki gaishe da awakinki."

Ta so in kalli yadda kafaɗarta ta kusa taɓa tasa. Allah sarki, ba ta san an ɓata shekaru ana koya min in tsallake fuska in dubi inda ciwo yake ba. Na sa yatsa biyu na buɗa hoton, na wuce jan bakinta, na wuce kofin, na sauka a hannunsa na dama.

Hannun ya kumbura har agogo ya nutse a ciki. A ƙasan gwiwar hannun akwai wani baƙin tabo zagayayye, kamar an ɗiga kwalta.

Ban san lokacin da na fita ba. Littattafaina ma a kan tebur na bar su.

Maigadi ya tare ƙofa. Na dube shi ido cikin ido.

"Baba maigadi, in ka hana ni shiga yau, da hannunka za ka buɗe wa masu gaisuwar mutuwa ƙofar nan."

Ya matsa.

A bakin falo na ci karo da Mama. 'Yar Lele na bayanta, ta riƙe ƙugu.

"Ke! Wa ya ba ki izinin shigo min gida?"

Na durƙusa har ƙasa.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba aure na zo roƙo ba. Hannunsa na zo gani."

"Maruru ne," in ji 'Yar Lele. "Ni nake shafa masa magani safe da yamma, har ya fara bushewa. Ba ki ga ya yi ɓawo ba?"

"Da hannunki kike shafawa?"

"A'a, da ƙafa."

"To ke ma asibiti za ki."



Na juya wurin Mama.

"Mama, kin raini 'ya'ya, kin san maruru. In an taɓa shi, yaro har ihu yake. Ki je ki danna wannan. In ya ce da zafi, wallahi zan fita, ba za ki ƙara ganin ƙafata a gidan nan ba."

Ta kalle ni. Sannan ta juya ta shiga, na bi ta.

Yana kwance a doguwar kujera, an lulluɓe shi da bargo cikin wannan zafin. Ya rame, leɓɓansa sun bushe. Da ya gan ni sai ya kawar da kai, amma na riga na ga abin da ya gifta a idonsa, kuma ba ƙiyayya ba ce.

Mama ta naɗe gefen mayafinta a yatsa, ta danna gefen tabon. Ta ƙara dannawa da ƙarfi.

"Ba ya ciwo, Mama," ya ce a hankali. "Na faɗa muku ba komai ba ne. Ko kaɗan ba ya ciwo."

Mama ta ɗago tana kallona. Ita ma ta san babu ƙurjin kirki da zai kumbura hannu haka ya ƙi yin zafi.

"Tun yaushe yake zazzaɓi?" na tambaya.

"Tun shekaranjiya... Yau da safe ya yi ta surutai, yana kiran..." Ta kalli 'Yar Lele, ta kalle ni. "Yana kiranki."

"Mama, ya fara shiga jini. A ɗauko mota."

"Babu inda za shi."

Baba ne a bakin ƙofa. Ban ji shigowarsa ba. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan, rigarsa ta yi masa yawa.

"An yi min alkawarin buɗe gona sati mai zuwa. In aka kwantar da ɗana aka rubuta sunan cutar nan a kansa, shi ke nan, na tabbata maƙaryaci. Kin rufe min gona, yanzu kin biyo ni gida?"

"Baba, gona za a buɗe ta ko ba daɗe. Shanunka an yi musu allura, za su rayu. Shi ne ba a yi wa komai ba."

"Ke za ki koya min shanu?"

"A'a, Baba. Ka fi ni sanin shanu nesa ba kusa ba. Wannan cutar kawai na sani, kuma ina ganinta a hannun ɗanka."

Numfashin Dogo na fita da sauri-sauri.

Mama ta miƙe ta zari makullin mota daga kan tebur. Ban taɓa jin ta yi wa Baba musu ba sai ranar.

"Ni dai ban haifi gona ba," ta ce.

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya matsa daga bakin ƙofa, amma ya ɗaga min yatsa.

"Ku kai shi. Amma ki ji da kyau, yarinya. Ko ya tashi ko bai tashi ba, babu ke babu gidan nan. Maganar aure na janye ta."

 Shekarun da na yi ina gina abu guda, ga shi ya rushe da jimla ɗaya.

"Na yarda, Baba. Ya rayu kawai."

A mota kansa na kan cinyar Mama, ni ina gaba ina waiwaye. Can ya buɗe ido.

"Likitata..."

"Na'am, masoyina. Ina nan."

"Da gaske kin ce mata ba kya so?"

"Wallahi na ce."

"Na sani... Tun ranar na sani. Fushi ne kawai." Ya lumshe ido. "Gobe ne jarrabawar ko? Ki je ki rubuta. In kika fasa saboda ni, ban yafe ba."

Bai ƙara magana ba har muka isa.

Likitoci suka karɓe shi da gudu, aka ɗaura masa ruwa, aka shiga dura masa allurai. Na tsaya a bakin ɗakin ina karanta fuskokinsu, kuma abin da na karanta bai yi min daɗi ba. Babban likitan ya fito ya ce sun yi iya nasu, saura su ga ko jikinsa zai karɓi maganin. Baba ya iso, ya ce wa ma'aikaciyar jinya dangi kawai ya yarda su tsaya.

Na fita da ƙafata kafin a kore ni.

Washegari na sa farar rigata na shiga jarrabawa. Na kira Mama kafin a karɓe wayoyi, ba ta ɗaga ba. Na sake kira, a kashe.

Aka ba ni tunkiya in duba, na duba. Aka ba ni allura in yi wa ɗan maraƙi, na yi, hannuna bai yi rawa ba, ni kaina na yi mamaki. Malamai suka yi ta jefo tambayoyi ina amsawa kamar wata ce ke magana da bakina. Da na gama Farfesa ta rufe alƙalaminta, ta ce a hankali, "Ban taɓa ba ɗalibi abin da na ba ki yau ba." Abin da na yi shekaru ina mafarkin ji ke nan, amma ko gezau zuciyata ba ta yi ba.

Na fito ina kunna waya. Babu kira, babu saƙo.

Sai na hango motar Baba.

Tana tsaye a ƙarƙashin bishiyar gaban sashenmu. Baba na jingine da ita, shi kaɗai, da rigar jiya a jikinsa. Babu Mama, babu direba.

 Me zai kawo mutumin da ya kore ni har makaranta, shi kaɗai, in ba abin da ba a faɗa a waya ba? Ɗalibai suna ta ihu suna rungumar juna, ni ina jan ƙafa kamar mai tafiya cikin ruwa.

Na durƙusa a gabansa. 

Idanunsa sun yi ja. Ya kalli ƙasa.

"Baba... ka faɗa min kawai."

"Likitansa ya zaunar da ni," ya ce. "Duk abin da kika faɗa min a falo, shi ya maimaita min. Ya ce da mun ƙara kwana a gida, da gawa za mu kawo masa."

"Baba, yana raye?"

"Zazzaɓin ya sauka da hantsi. Ya buɗe ido."

Na zube a wurin, na fashe da kukan da na riƙe tun jiya. Ban damu da wanda ke kallo ba.

"Ya buɗe ido, ya kalle ni, ya kalli uwarsa, ko sannu bai ce mana ba. Wai ya jarrabawa." Baba ya goge fuska da hannun riga. "Ni ina na san ya jarrabawa? Na ce bari in je in ɗauko mai amsar."

Ya zagaya da kansa ya buɗe min ƙofar gaba.

"Tashi, 'yata. Shiga mu tafi, yana jiran ki."